Haƙurin Wa Ake Nema?

Da hunturu, gwaggona a garin Sara takan farka kafin asalatu, amma sai ta shafe fiye da awa guda kafin yatsunta su yarda su riƙe buta. Sun kumbura, sun sandare. Duk da haka ita ce mai surfe, ita ce mai jan guga, ita ce mai tuƙa tuwon gidan. In ta yi nishi, a ce, "Sanyi ne, sai haƙuri." In ta kwanta, a fara raɗe-raɗin son jiki.

Na daɗe ina tambayar kaina: haƙurin nan da muke ba ta, tausayi ne, ko kuwa hanyar sauke nauyi daga kanmu?

Ciwon nan ba raki ba ne. Akwai nau'in amosanin gaɓɓai da garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta far wa gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 na fama da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Ba ya warkewa ɗungurungum, amma in an fara magani da wuri, ana iya tare lanƙwashewar gaɓɓai. Gwaggo kuwa shekaru ta yi tana haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi daga kemis, waɗanda daɗewa a kansu ke illata ciki da ƙoda. Ga asibitin tarayya a Birnin Kudu, amma ba wanda ya ce, "Tashi mu je." Tunda tuwo bai taɓa fashi ba, mun ɗauka lafiya lau take.

A nan laifinmu yake: da aikinta muke auna lafiyarta. Alhali addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya, ya yarje mata salla a zaune, ya yarje mata taimama in ruwa zai cutar da ita. Wanda ya halicce ta ya rage mata, mu da muke cin tuwonta mun ƙi.

Haƙuri ibada ne idan mai ciwo ta yi shi. Idan mai lafiya ne ya ɗora mata shi ya naɗe hannu, sunansa zalunci. Namu haƙurin shi ne kuɗin mota, da ruwan ɗumi da asuba, da kai gero inji.

Ranar da na karɓi taɓaryar na ce, "Gwaggo, ki huta," ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ashe kuna gani."