Harsashi Zarar Bunu Ne

A ƙasar Amurka akwai mutanen da hutunsu na ƙarshen mako ba kallon ƙwallo ba ne, ba kuma kamun kifi ba. Da sun ci abincin dare sai su shige ɗakin ajiye mota, su kunna fitila, su zauna gaban teburi suna haɗa harsashi da hannunsu. Ba ɓarayi ba ne, ba ƴan tawaye ba ne. Akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai manomi, akwai tsohon soja mai cin fansho. Abin sha'awa ne a wurinsu, kamar yadda wani yake kiwon tantabara ko ƙawata doki. Tambayar da nake so mu juya tare, mai karatu, ita ce: mutum yana iya mayar da haɗa abin kisa abin nishaɗi, kuma hannunsa ya fita tsab?

Bari mu fara da sanin abin da suke yi, don kada mu yanke hukunci a cikin duhu. Harsashin zamani abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso na tagulla, akwai albarushi a cikinsa, akwai ɗan ƙyastu a gindinsa wanda ke ba da wuta idan kunamar bindiga ta sa an buge shi, sai kuma ƙwayar dalma da ke bakinsa, wadda ita ce ke tafiya. Idan an harba, uku sun tafi ke nan, kwanso ne kawai ke faɗowa ƙasa. Shi kwanson kuwa yana da tsada, kuma yana jure a sake amfani da shi sau da dama. Don haka sai mai wannan sha'awa ya tsince kwansunansa, ya wanke su, ya daidaita su da wani injin matsi na hannu, ya sake cika su, na libarba daban, na doguwar bindiga daban.

Al'adar ta daɗe a can. Tun a 1884 kamfanin Ideal ya fara sayar da kayan wannan aiki. Fred Huntington ya kafa RCBS a Kalifoniya a 1943, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa harsashi ya yi wa mafarauta wuyar samu. Hornady ya biyo baya a 1949 a Nebraska, Lee kuma a 1958. Dokar tarayyar Amurka ba ta neman lasisi daga wanda ke haɗawa don amfanin kansa, amma dokar bindigogi ta 1968 ta wajabta lasisi a kan wanda ya mayar da abin sana'a yana sayarwa. A Jamus kuwa ko albarushin ba za a sayar maka ba sai ka yi kwas, ka ci jarrabawa, hukuma ta ba ka izini. Wannan bambanci kaɗai ya nuna cewa ƙasashen da suka san abin ma ba su yi masa kallo ɗaya ba.

Idan ka tambaye su dalili, amsoshinsu ba na banza ba ne. Wani zai ce rahusa yake nema. Wani yana da tsohuwar bindigar kakansa wadda aka daina yi wa harsashi. Wani kuwa gasar harbi yake shiga, yana son harsashin da ya dace da bindigarsa kamar yadda tela ke yanka riga daidai jikin mai ita. Daga irin wannan gwaje-gwaje na cikin gida ne ma aka samu wasu harsasan da kamfanoni suka ɗauka daga baya. Sunan Elmer Keith ba ya rabuwa da tarihin.44 Magnum, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950.

Gaskiya kuma dole a faɗe ta: aikin yana koya wa mai shi natsuwa. Da wani awo da ake kira giren suke auna albarushi, kuma giren 7,000 ne ke cika laba ɗaya. Sai an tara 15 da ɗan ɗoriya kafin a samu giram guda. Ma'auninsu har kashi ɗaya cikin goma na giren yake nunawa. Wanda hankalinsa ya rabu ya zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya, bindigar na iya tarwatsewa a hannunsa, ta tafi da yatsu ko ido. Wanda ya manta bai zuba ba, dalmar na iya maƙalewa a cikin bututu, harbi na biyu ya zama musiba. Shi ya sa suke gargaɗin juna kada a sha giya a bakin teburin, kada a yi hira, kada a kauce wa littafin awo, kuma a rubuta komai. Mafarauci a cikinsu zai ƙara da cewa harsashi mai saiti yana kashe barewa nan take, ba ya barin ta tana jan ƙafa a daji kwana uku. Wannan ma hujja ce mai nauyi.

Masu kare su kan kawo misalin wuƙa. Maƙeri ya ƙera ta, mahauci ya yi fawa da ita, uwar gida ta yanka albasa, ɗan ta'adda ya soki mutum. Wa zai kama maƙeri? Amma misalin yana ɗingishi. Wuƙa tana da ayyuka ɗari, kisa ɗaya ne daga ciki. Harsashi kuwa aikinsa ɗaya tak: ya huda abin da ya tarar. Ko takarda aka kafa masa a filin atisaye, ƙirarsa ba ta canza ba. Kuma ƙasar da ake wannan nishaɗi ita ce ƙasar da bindiga ta kashe mutum sama da 48,000 a shekarar 2021 kaɗai, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu.

Duk da haka ba zan ɗora wannan jini a kan mai teburi ba, don zalunci ne. Mai mugun nufi a Amurka ba ya buƙatar ya zauna yana auna albarushi da ƙaramin cokali. Kanti ya ishe shi. Idan an ƙone duk injinan matsi da ke gidaje a yau, maƙabartu ba za su huta gobe ba. To, idan laifin ba a cikin dalmar yake ba, kuma niyyar mai haɗawa ba mummuna ba ce, a ina alhakin yake ɓuya? Wani abu da ya faru ya ba ni amsa.

A daren 1 ga Oktoba 2017, wani mutum ya buɗe wuta daga hawa na 32 na wani otel a Las Vegas a kan taron masu kallon wasan kiɗa. Cikin kusan minti goma ya harba harsashi sama da 1,000. Mutum 58 suka mutu a lokacin, daga baya adadin ya kai 60, ɗaruruwa suka jikkata. Da masu bincike suka shiga ɗakinsa, sai suka tarar da wani kwali mai ɗauke da sunan wani injiniya daga jihar Arizona, suka kuma samu zanen yatsunsa a jikin wasu harsasan da ba a harba ba. Shi wannan injiniya haɗa harsashi yake yi a gidansa, yana kuma sayarwa a kasuwannin baje kolin bindigogi. A can suka haɗu da maharbin, daga baya ya zo har gida ya sayi harsashi 720. Injiniyan ya fito gaban ƴan jarida ya ce bai ga alamar mugunta a tare da mutumin ba. Ba a tuhume shi da hannu a kisan ba. A 2019 ya amsa laifin ƙera harsashi don sayarwa ba da lasisi ba, a 2020 aka ɗaure shi wata 13.

Kotu ta gama nata, amma tambayar lamiri tana nan. Na yarda bai sani ba. Sai dai rashin sani kashi biyu ne: akwai wanda ya faɗo maka, akwai wanda ka zaɓa. Mutumin da ba zai yarda ƙwayar albarushi ɗaya ta wuce awo ba, yaya aka yi ya miƙa wa baƙon da bai sani ba harsashi 720? Ya auna abin da ke shiga kwanso, bai auna hannun da kwanson ke shiga ba.

Abin mamaki, su kansu masu wannan sha'awa suna da wata ƙa'ida da suke yawan maimaita wa sabon shiga: kada ka harba harsashin da wani ya haɗa. Dalilinsu shi ne ba ka san natsuwarsa ba, ba ka san ko ya yi gyangyaɗi a bakin ma'auni ba. Ƙa'ida ce mai kyau, amma rabi ce. Tana kare fuskar mai harbi, ba ta kare ƙirjin wanda ke gaban bindiga. Cikonta shi ne a juya ta: idan ba ka yarda da hannun da ba ka sani ba ya haɗa maka, don me za ka yarda da zuciyar da ba ka sani ba ta harba naka? Wanzami ba ya son jarfa, in ji masu iya magana. Wanda ya riƙe rabin farko ya saki na biyu, kansa kawai yake tsaro, kuma tsaron kai kaɗai ba a kiran sa amana.

Wani zai ce, idan haka ne ai ba wanda zai sayar da komai, tunda ba mai shiga zuciyar abokin ciniki. Ba haka nake nufi ba. Alhaki yana da mizani. Yana ƙaruwa gwargwadon haɗarin abin, da kusancinka da wanda ka miƙa wa, da kuma yawan abin da ka sani game da aikinsa. Mai sayar da ashana ba daidai yake da mai sayar da guba ba. Mai haɗa harsashi da hannu kuwa duka ukun sun taru a kansa. Ba kamar ma'aikacin masana'anta yake ba, wanda ke danna maɓalli bai san inda kwalin zai sauka ba. Shi ya san abin ciki da waje, ya kuma ga fuskar mai karɓa. Ilimin da yake alfahari da shi, shi ne ya toshe masa hanyar cewa “ba ruwana”.

Malaman fiƙihu sun daɗe da hango wannan. A mazhabar Malikiyya akwai ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda a ƙarƙashinta halal kan zama abin hani idan ya zama gada zuwa cuta. Da irin wannan ne aka hana sayar da makami a lokacin fitina, alhali cinikin takobi ba haramun ba ne a kan kansa. Wato hukuncin ba ya tsayawa ga abin da niyya kawai. Yana duba lokaci da wuri da mai karɓa.

A nan ne maganar ta taɓo mu. Mu ma mun san mafarauci da ke ɗura bindigar toka da hannunsa, mun san ƴan bindigar sarki da ke cika gari da hayaƙi ranar hawan salla, ba wanda ya ce musu masu laifi. Amma wanda ke zaune kusa da dazukan da ke tsakanin Maraɗi da Zamfara ya san abin da harsashi ɗaya ke yi wa gida guda. Bindiga tana iya shekara hamsin tana aiki, amma in ba harsashi sanda ce. Ba a banza ba ne yarjejeniyar ƙananan makamai ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta ambaci harsasai tun daga sunanta. Abin da zai iya zama nishaɗi a wani ƙauyen Montana, a inda doka ta hana kuma jini ke zuba ba sunansa nishaɗi ba.

To, hannu yana iya fita tsab? Ina ganin yana iya fita, amma ba kyauta ba. Mutumin da ya tsaya inda dokar ƙasarsa ta tsayar da shi, ya kulle albarushinsa daga yara da mai ɓacin rai, ya kuma tabbatar abin da ya haɗa a bindigarsa zai ƙare, ban ga abin zargi a natsuwarsa ba. Amma ranar da sha'awa ta fara jin ƙanshin riba, ta buɗe ƙofa ga duk mai kuɗi a hannu, to ta canza suna, ko da mai ita bai lura ba. Kalmar “sha'awa” tana bayyana abin da mutum ke ji a ransa ne kawai. Ba ta rage gudun dalma.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Harsashi ya fi ta, don magana ana iya bin ta da ban haƙuri. Shi kwanso ne kawai ke dawowa teburi a sake cika shi. Wanda dalmar ta samu ba ya dawowa. Duk mai sana'ar hannu, ko me yake ƙerawa, ya tambayi kansa ba kyan aikin kaɗai ba, har da inda aikin zai kwana. Allah Ya tsare hannayenmu daga alhakin da ba mu gani ba.