Macijiya Mai Rikiɗa Da Batun Auren Aljani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, magidanta da yawa a birnin Zazzau ba su manta da wani fim na Indiya mai suna Nagina ba, wanda ya fito cikin 1986. A zamanin nan samari kan fita ta Ƙofar Doka su tafi silima, yau kuwa 'ya'yansu a cikin waya suke kallon irinsa. Labarin wani saurayi ne da ya komo gida daga Ingila, ya ga wata marainiya ya ce sai ita. Uwarsa ta ƙi, don ta riga ta zaɓa masa 'yar masu hali, daga baya ta haƙura aka ɗaura aure. Sai wani boka mai wasa da macizai ya zo ya shaida wa uwar cewa surukarta macijiya ce da ta rikiɗa, ta biyo ran mijinta na asali da aka sanya cikin jikin saurayin tun yana yaro.

Zancen rai ya bar wani jiki ya koma wani ba shi da gurbi a Musulunci ko kaɗan. Saura tambaya biyu: shin aljani yana rikiɗa, kuma shin ana aurensa?

Game da ta farko, Imamu Malik a Muwaɗɗa da Imamu Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri labarin wani saurayi sabon ango, a lokacin yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Ya nemi izinin Annabi (S.A.W.) ya je gida, ya tarar da amaryarsa tsaye a bakin ƙofa. Kishi ya ɗebe shi ya ɗaga mashi, ta ce ya dakata ya shiga ya ga abin da ya fito da ita. Da shigarsa sai ga ƙaton maciji naɗe a kan shimfiɗa. Ya soke shi, macijin ya yi birgima a kansa, ba a san wanda ya riga wani mutuwa ba. Annabi ya bayyana cewa akwai aljanu a Madina da suka musulunta, ya yi umurni a yi wa macijin gida gargaɗi kwana uku kafin a kashe shi. Saboda haka rikiɗar aljani ta tabbata. Amma hadisin bai ba kowa damar nuna ɗan Adam da yatsa ya ce maciji ne ko kura ba. Da angon nan ya bi zatonsa na farko, da ya kashe matar da ba ta da laifi.

Game da ta biyu, Allah Ya ambata cikin Suratun Nahli aya ta 72 da Suratur Rum aya ta 21 cewa daga jinsin mutane Ya yi wa mutane abokan aure. An kuma ruwaito cewa mutanen Yaman sun rubuto wa Imamu Malik suna tambaya a kan wani aljani da ke neman auren wata yarinya. Ya ƙi abin, don gudun kada a ga mace da ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita.

Wannan hangen nesa na Malik shi ne abin da ya kamata iyaye su riƙe. Sau da yawa yarinya takan ƙi mijin da aka ba ta, ta rame, ta daina magana, sai a ce namijin dare ya aure ta. Daga nan a ɗauke ta zuwa wurin boka ko 'yan bori, a yi ta turare da yanka, wani lokaci har da bulala, kuɗi su ƙare, yarinya tana nan yadda take. Alhali Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa boka da tambaya ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in, Suratul Jinni aya ta 6 kuma ta nuna neman tsari da aljanu wahala kawai yake ƙarawa.

Abin da ya wajaba shi ne uba ya zaunar da 'yarsa ya ji ta bakinta, gama Annabi ya yi umurni a nemi izinin budurwa, ya kuma warware auren Hansa'u 'yar Hizamu da ta kawo ƙarar an aurar da ita ba da sonta ba. In ciwo ne kamar farfaɗiya, ga asibiti nan a Ƙofar Gayan. In kuwa shafar aljani ce ta gaskiya, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi sun isa garkuwa, ba sai an daki kowa ba.

Allah Ya tsare zuriyar Musulmi daga sharrin mutum da aljan. Allah ne Mafi sani.