Adafta A Cikin Isnadi

A shagunan kayan waya, irin na kasuwar Farm Centre da ke Kano, ana sayar da wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba, gefe ɗaya bakin USB, ɗaya gefen ramin da ake soka iyafis. Adaftar sauti ake ce masa. Yawancin masu sayensa dole ce ta sa su, domin tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, mai sabuwar waya ya rasa inda zai soka tsohon abin sauraronsa. Wasu kuma kwamfutarsu ce ke tsuwa, ko ramin sautinta ya mutu. Amma akwai masu sayensa don kawai su ji murya ta fita tangaran, a cikinsu har da ɗaliban Alƙur'ani masu bitar hadda da karatun Husari ko Minshawi. A kan waɗannan ne ake samun mai cewa ai wannan ƙyale-ƙyale ne, littafin Allah da zuciya ake jin sa, ba da kayan lantarki ba. Maganar tana da ƙamshin tsoron Allah, amma ba ta tsayawa idan aka gwada ta da yadda Alƙur'anin kansa ya iso hannunmu. A ganina, kula da ingancin sautin da ake jin karatu da shi reshe ne na amanar ruwaya, kuma wannan amanar ce ya kamata ta zama mudun awon kowace na'ura da ta shiga tsakanin bakin makaranci da kunnen mai sauraro.

Aikin adaftar ba boyayye ba ne. Abin da ke ajiye a cikin waya ko kwamfuta lambobi ne zalla, babu murya ko ɗaya. A ma'aunin faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, a rubuta kowane awo da lamba. Kafin kunne ya ji wani abu sai an sami ɗan guntun na'ura da zai mayar da lambobin nan wutar lantarki mai hawa da sauka, sannan wani ya ƙara mata ƙarfi har ta girgiza fatar lasifika. A cikin laftof mai araha, wannan guntu yana zaune ne a maƙwabtaka da fanka da caja da sauran sassa masu hayaniyar lantarki, don haka ɗan ƙugi da tsuwa kan kutsa cikin sautin. Adafta mai nata guntun tana ɗauke wannan aiki daga cikin akwatin ta fito da shi waje, lambobin su iso mata ta USB, ita ta fassara su. Da yawa kuma suna da ramin makirfo, abin da ya sa mai koyarwa ta intanet yake amfana da su ta fuska biyu, ya ji ɗalibi sosai, ɗalibi ya ji shi.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa magana ba ta tafiya ita kaɗai, mutane ne ke ɗauke da ita daga baki zuwa baki, silsilar da ake kira isnadi, kuma darajarta tana rataye da darajar masu ɗaukar. Sun nemi abu biyu a wurin marawaici: adalci, wato kada ya zama mai ƙarya ko fasiƙi, da kiyayewa, wato ya bayar da abin kamar yadda ya karɓa, ba ragi ba ƙari. Mutumin kirki mai mantuwa ana girmama shi, amma ana raunana hadisinsa. To, wanda yake sauraron karatu ta waya yana ƙarshen wata silsila ce shi ma: bakin makaranci, makirfo, na'urar ɗauka, fayil ɗin da aka matse, guntun da ke mayar da lamba sauti, iyafis, sannan kunne. Na'ura ba ta da niyya, don haka ba a maganar adalcinta. Amma kiyayewa kam ana iya auna mata, har ma fiye da yadda ake auna ta mutum. Al'ummar da ta ƙirƙiri ilmi sukutum don tantance wane ne ya kiyaye, wane ne ya ruɗe, ba ta da hujjar yin ko-in-kula da marawaicin ƙarfe don kawai ba shi da rai.

Wani zai ce kalmomin ai suna isowa, kuma su ne abin nufi. Nan ne Alƙur'ani ya bambanta da labaran rediyo. Suratul Muzzammil ta yi umarni da a karanta shi daki-daki, malaman tajwidi kuma, irin su Ibnul Jazari wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan Hijira, suka ƙididdige mafitar haruffa goma sha bakwai, suka bi kowane harafi da siffofinsa. Da yawan waɗannan siffofi suna zaune ne a sashen sauti mafi laushi, wanda shi ne farkon abin da mummunar na'ura take cinyewa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga kimanin 20 zuwa 20,000 a sakan, amma tsohon layin tarho ba ya wuce da komai sai tsakanin 300 da 3,400. Shi ya sa a waya ake rikita "s" da "f", domin shewar harafin "s" mafi yawanta tana sama da wannan iyaka. Bambancin sinun da sadun da sa'un mai ɗigo uku, da iskar da ke bin haruffan hamsi, da ɗan tsallen ƙalƙala, duk ƙananan alamu ne da tsuwa da ƙugi ke iya lulluɓewa. Ga Bahaushe kuwa abin ya fi tsanani, domin harshensa ya riga ya narkar da haruffan Larabci zuwa nasa tun ƙarnuka. Harafin da Balarabe yake furtawa a kalmomin da muka aro muka ce alƙali, lalura, farilla da alwala, mu "l" muka mayar da shi. Zalun da zayun da za'un duk "z" ɗaya ce a bakinmu. Wannan ba aibi ba ne a Hausa, haka kowane harshe yake yi wa baƙin kalmomi. Sai dai yaron da ya tashi da wannan kunne, idan ya zo koyon tajwidi, yana buƙatar jin bambancin a fili ƙarara, sau ɗari, kafin harshensa ya kama. Lasifikar da ke haɗe masa haruffa uku wuri guda tana ƙarfafa masa kuskuren da ya zo gyarawa.

Magabata ba su san adafta ba, gaskiya ne, amma sun san darajar murya mai isa. Lokacin da Abdullahi ɗan Zaidu ya ga lafuzan kiran salla a mafarki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya koya wa Bilal, domin muryar Bilal ta fi tasa kaiwa. Ya yaba wa Abu Musa al-Ash'ari daɗin muryarsa, ya kuma nemi Ibnu Mas'ud ya karanta masa don yana son ya ji daga bakin wani, har hawaye suka zubo masa a cikin Suratun Nisa'i. Zuciyar da ake cewa ita ke ji, ta ƙofar kunne aka shiga mata a wannan majalisi. Suratul A'araf ta haɗa umarni biyu ga mai jin karatu, ya saurara kuma ya yi shiru, shirun kuwa amfaninsa kawar da duk abin da zai yi gogayya da muryar makaranci. Idan ana hana mutum surutu a wurin karatu, ban ga dalilin da zai sa a yi wa na'ura uzurin ƙuginta ba alhali ana da halin kawar da shi. A Masar ma da aka zo zamanin na'ura, wannan fahimta aka bi. Labib as-Sa'id ya kawo shawarar a ɗauki Alƙur'ani gaba ɗaya a faifai, Shaihu Mahmud Khalil al-Husari ya kammala shi da ruwayar Hafs a 1961, daga baya ya yi na Warsh, ruwayar da tsangayunmu suka gada. Manufar ita ce a adana furuci kamar yadda mus'hafi ya adana rubutu. Aikin da aka yi don a kiyaye harafi, tauye shi ne a saurare shi ta hanyar da ke goge harafin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na almubazzaranci da shagala, kuma yana da ƙafa. Akwai masu kashe dukiya mai yawa a kan kayan sauti suna bin bambancin da kunne ba ya iya rarrabewa, kuma wayoyi da kwamfutoci da dama na yanzu guntun da ke cikinsu ya wadatar, adafta ba za ta ƙara musu komai ba. Wata adaftar jabu ma ta fi abin da aka gudu muni. Haka nan fayil ɗin da ya sha matsa, aka ɗauke shi da waya a gefen lasifikar masallaci, aka tura ta WhatsApp, aka sake turawa, abin da ya zube daga cikinsa ya zube ke nan, babu adaftar da za ta dawo da shi, kamar yadda amintaccen marawaici a ƙarshen isnadi ba ya gyara raunin wanda ke sama da shi. Ƙugin nan mai kauri da ake ji idan an haɗa laftof mai caji da amfilifayar masallaci sau da yawa daga wayoyin wuta yake, gyaransa na mai gyaran lantarki ne. Duk wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne a binciki inda raunin yake kafin a kashe kuɗi. Bai nuna cewa raunin ba shi da muhimmanci ba. Mudun amana da kansa yana yanka almubazzaranci: da zarar sautin ya iso kamar yadda ya fita, ƙarin kashe kuɗi ya zama sha'awa, ba hidimar karatu ba.

Wannan mudu kuma shi ke raba gyara da ado, wanda nake ganin ya fi adafta cancantar a yi masa wa'azi. A yau an saba ji ana zuba wa karatu amsa-kuwwa ta na'ura, wato eko, a faifai da a masallatai lokacin tarawihi, har ƙarshen aya yana ta maimaita kansa a kan farkon mai bi mata. Jama'a na jin daɗi, amma maddin da makaranci ya auna ya tsawaita, sukun ya daina zama tsayawa, harafi ya hau kan harafi. Wannan ƙari ne a cikin ruwaya, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Abin lura shi ne, mutumin da zai zargi ɗalibi don ya sayi ɗan abin da zai ji gunna sosai, sau da yawa ba ya ɗaga gira idan aka murɗa eko har kalmomi suka narke. Ɗalibin yana neman ya ji abin da aka karanta, mai murɗa eko kuwa yana sauya shi.

Saura tsoron cewa sauti mai kyau zai sa ɗalibi ya ga ba ya buƙatar malami. Karatun Alƙur'ani baki da baki ake karɓarsa, kuma faifai, komai tsabtarsa, yana magana ne ba ya ji. Ba zai tsayar da kai ya ce sake ba, ba zai kuma ba ka ijaza ba. Amma dubi yadda karatu yake gudana yanzu: ɗalibi a Zinder ko Kumasi yana karanta wa malami a Alƙahira ko Madina ta intanet, malamin yana sauraro ta makirfon ɗalibin. A wannan zama, gyaran da malamin zai yi bai wuce abin da ya iso kunnensa ba. Idan makirfon laftof ya haɗiye shewar sadun, malamin zai wuce kuskure bai sani ba, ko ya gyara abin da yake daidai, ɗalibin kuma ya tashi da yaƙinin cewa an saurare shi an amince, ya je ya koyar da wasu haka.