Tumbin da Ya Tafi Ya Dawo

A Kantin Kwari an yi wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa, mutum mai fara'a da sakin hannu. Yana da shekara hamsin da ɗoriya gwiwa ta fara damunsa, in ya yi sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe. Da ya je asibiti aka ɗora shi a ma'auni, kilo 112. Aka gwada jini, likita ya ce suga ya hau, bai zama ciwon suga ba tukuna, amma saura ƙiris.

Alhaji in ya sa abu a gaba ba ya waiwaye, ga kuma bikin 'yarsa saura wata huɗu. Sai ya yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya, ya daina karin kumallo. Da rana kokwamba da dafaffen ƙwai, da dare shayin rage tumbi da wani yaron shago ya samo masa. Hajiya ta yi magana har ta gaji. Yunwa ta riƙa hana shi barci, ya zama mai saurin fushi, yaran shago suna kaffa-kaffa da shi. Amma ma'auni yana ta sauka. Ranar ɗaurin aure yana kilo 94.

Kafin biki ya kai kaftanoninsa wurin tsohon telansa a rage. Telan bai sa almakashi ba. Ya ninke rarar yadin ta ciki, ya bi ta da ɗinki. Alhaji ya ce, "Malam, me ya sa ba za ka yanke ba?" Telan ya ce, "Alhaji, yadi ne mai tsada. A bar shi a ciki, ba ya cin komai." Bai ƙara ko kalma ba, don ya daɗe yana ganin masu kawo ragi suna dawowa neman ƙari.

Biki ya watse, tambayoyi suka fara. "Alhaji, lafiya kuwa? Ko jinya ka yi?" Wasu ma a bayan ido suna cewa ko kasuwa ce ta juya masa baya. Wannan halin namu yana da illa, don mutum ya wahala ya rage nauyin da ke cutar da shi, mu kuma mu tarbe shi da jaje. Yayarsa ta shiga aiko masa da fura mai suga kullum. Shi ma a ransa aiki ya ƙare, sai ya koma cin abincinsa na da. Abin da ya ba shi mamaki, malmala biyun da take isarsa a baya yanzu ba ta kai masa ko'ina, sai ya ƙara ta uku, da dare kuma ya aika a sayo tsire. Shekara ɗaya da rabi ya koma kilo 110. Da zai mayar da kayan a buɗe, yaro ya aika, kunya ta hana shi zuwa da kansa.

Da ƙaramar Sallah ɗan ƙaninsa, wanda likita ne, ya zo gaisuwa. Bayan an watse Alhaji ya riƙe shi a zaure.

"Likita, ni dai na gane ba ni da zuciya. Na yi wahalar banza."

"Baffa, mutumin da ya jure yunwar wata huɗu ba za a ce ba shi da zuciya ba. Jikinka ne ya yi abin da jiki yake yi. Ai kun fi ni sanin ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa. Ko jari ya dawo, sai ya tsuke hannu, duk abin da ya shigo ya ƙulle. Jiki ma in ya yi asarar kitse da yawa, sai ya rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara maka yunwa, kuma ba ya saki da wuri."

Ya ba shi labarin wani shirin talabijin na Amurka, The Biggest Loser, inda ake gasar rage ƙiba. Wani masani, Kevin Hall, da abokan aikinsa suka bi mutum 14 daga waɗanda suka yi gasar a 2009. A tsakaice kowannensu ya zubar da kilo 58. Bayan shekara shida kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 ƙasa da yadda ya kamata a kowace rana, kwatankwacin madaidaicin farantin abinci. An buga binciken a 2016. A birnin Melbon na Ostareliya ma an sa mutum 50 tsananin rage ci na mako goma. Shekara guda bayan nan, sinadarin da ke tayar da yunwa bai sauka ba, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ajiyar jiki ta wadata bai koma yadda yake ba.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To ashe ba mafita ke nan."

"Akwai, Baffa. Tun 1994 Rena Wing da James Hill suka buɗe rajista a Amurka ta mutanen da suka rage fiye da kilo 13 suka kuma riƙe aƙalla shekara guda. Sun haura dubu goma. Yawancinsu suna motsa jiki wajen awa ɗaya kullum, kuma tafiyar ƙasa ce ta fi yawa. Suna karyawa da safe, suna hawa ma'auni duk mako. Ba wanda ya ce a cikinsu ya gama. Kai ka sa wa naka ranar ƙarewa, ranar biki."

"Sai in koma 94 ɗin?"

"Ba dole ba ne. Wani babban bincike na 2002 ya sa wa masu irin matsalarka burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. A wurinka kilo takwas ke nan. Duk abin da za ka canza, ka tambayi kanka ko za ka iya yin sa shekara goma. In ba za ka iya ba, kada ka fara."

A wannan karon Alhaji ya fara da Hajiya, kuma a ganina nan ne ya yi dabara, don tukunya a hannunta take. Suka zauna suka tsara. Tuwo yana nan, malmala ɗaya da rabi, miyar kuka ko kuɓewa da yawa, manja kaɗan. Da safe koko marar suga sosai da ƙwai, ko wake. Da rana kafin shinkafa a fara da kwaɗon zogale. Lemon kwalba da yake sha duk lokacin da baƙo ya shigo shago, wani lokaci huɗu a yini, ya koma sayo wa baƙo shi kaɗai, shi ya sha ruwa. Sugan shayi daga cokali uku ya dawo ɗaya, sai da ya yi makonni kafin bakinsa ya saba. Yayarsa kuwa ya je har gida ya roƙe ta, furar ta koma ta ranar Juma'a kawai. Bayan sallar Asuba ba ya komawa barci, sai ya zaga unguwa na minti arba'in.

Saukar ta yi jinkiri har ta so ta ba shi haushi, wani watan kilo ɗaya, wani watan ba komai. Cikin shekara ya kai 101, ya tsaya a nan. Da babbar Sallah naman layya ya ƙara masa kilo biyu. Ranar Juma'a ma'auni ya nuna masa, bai kwana da yunwa don haka ba, ya dai bar soyayyen nama, ya ƙara tsawon tafiya, cikin wata guda suka sauka. Haka aka yi shekara uku. Tumbin bai ɓace duka ba, amma suga ya koma daidai, kuma yana tashi daga sujada ba tare da dafa ƙasa ba.

Wata rana maƙwabcinsa a kasuwa, wanda likita ya yi wa irin wannan gargaɗin, ya leƙo shago ya ce, "Alhaji, don Allah sunan shayin nan da ka sha nake so."

"Shayin nan ban ga amfaninsa ba, Alhaji. Ka fara gaya mini, lemo nawa kake sha a yini?"

"Ba ya wuce uku."

"To daga gobe ɗaya. Kuma ka same ni a ƙofar masallaci bayan Asuba, ka zo da takalmin da ba zai ci maka ƙafa ba."