TODA: GODIYA DA FAƊIN GASKIYA

Ya ku 'yan'uwa masu neman hanyar Ubangiji a Kutawa, da ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, ku kasa kunne. Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa a shekara ta 1932, amma yawancin Tsohon Alkawari da Ibrananci aka fara rubuta shi. Cikin harshen nan akwai wata kalma, toda, watau godiya. Ita ce aka rubuta bisa kan Zabura ta 100, domin a sani waƙar godiya ce. Sa'ad da Nehemiya ya gama ginin ganuwar Urushalima, ya sa ƙungiya biyu ta mawaƙa suka bi ta bisa ganuwar, kowace ta nufi nata gefe, har suka tsaya cikin Haikali. Da sunan kalman nan aka kira su (Nehemiya 12). Har wa yau da ita Bayahude yake cewa na gode.

Amma ga abin lura. Akan ya saci riga mai kyau ta ƙasar Babila, da azurfa shekel 200, da zinariya, ya binne cikin alfarwarsa. Da asirinsa ya tonu, Joshuwa ya ce masa ya ba Allah toda, watau ya faɗi abin da ya yi, kada ya ɓoye (Joshuwa 7). Ƙaƙa kalma guda za ta ɗauki godiya da furta laifi? Dalili ke nan: dukansu biyu faɗin gaskiya ne a gaban Allah. Mai tuba yana cewa laifin nan nawa ne. Mai godiya yana cewa alherin nan ba aikin hannuna ba ne, ba ni aka yi. Mutum mai girman kai ba ya iya faɗin ko ɗaya.

Toda kuma sunan wata hadaya ce cikin Littafin Firistoci, sura 7. Akan kawo dabba tare da waina da gurasa, doka kuwa ta ce a cinye naman ran nan, kada a bar saura har safiya. Wa zai iya cinye rago shi kaɗai kafin gari ya waye? Tilas ya kira iyali da maƙwabta da matalauci. Ashe godiyar da aka yi shiru da ita cikin ɗaki ba ta cika ba.

To, ɗan'uwa, in kaka ta yi, ka jera dammunan gero da dawa cikin rumbu, kada ka ce ƙarfina ne da fartanyata. Kai ka yi shuka da noma, amma ba kai ka aiko da ruwa ba. Kafin ka ta da murya cikin sujada, ka duba alfarwarka. In ka ci iyakar gonar maƙwabci, ka mayar. In akwai bashin hatsi tun bazara, ka biya. In mudunka na sayarwa bai kai na saye ba, ka gyara. Sa'an nan ka ɗebi dami ka kai wa gwauruwa da maraya.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Allah ba ya bukatar tukwicinmu, gama dukan abu nasa ne. Abin da yake nema shi ne baki mai gaskiya da hannu buɗaɗɗe. Ubangiji ya ba mu su duka biyu. Amin.