"Ba Ni Da Canji"

Karatu: Markus 12:41-44

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wata magana da muke ji kullum a kasuwa da tasha, har ma a bakin ƙofar ɗakin sujada. Maganar ita ce, "Ba ni da canji." Bari mu ba ku labarin yadda muka koyi faɗinta.

Sa'anda muke samari a Geza, cikin ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin, mukan yi ƙwadago lokacin hutun makaranta. Wata rana yankan shinkafa a fadama, wata rana dako a kasuwa. Akan biya mu naira biyar ko goma, tsofaffin takardu masu dauɗa. A lokacin nan babu takardar da ta fi naira hamsin, wadda aka fitar a 1991, gama naira ɗari ba ta fito ba sai ƙarshen 1999. Burin kowane saurayi shi ne ya riƙe hamsin tasa guda.

In kuɗin sun cika, sai mu tafi wurin ɗan canji, wanda yake zaune da naira a gefe ɗaya, sefa a gefe ɗaya, saboda fatake masu ƙetare iyaka. Mu miƙa masa biyar biyar guda goma, ya ba mu takarda ɗaya sabuwa fil. Mu komo gida muna taƙama, sai ka ce an ƙara mana wani abu, alhali ko kwabo bai ƙaru ba.

Wata rana da magariba mahaifiyarmu ta ce, "Ɗana, ranta mini naira biyar in sayo kananzir." Muka ce, "Inna, ba ni da canji." Ba ta ce kome ba. A daren nan cikin duhu aka ci tuwo, hamsin kuwa tana kwance cikin aljihunmu. Ran Lahadi kwanon baiko ya zo gabanmu, muka miƙa shi gaba. Bakinmu bai yi ƙarya ba, amma zuciyarmu ta san dalilin canjin nan. Mun yi shi domin kada kowa ya sami hanyar taɓa kuɗinmu, ko uwa ko Allah.

Yanzu mun girma, sai muka juya abin. Ran Asabar da yamma mai bi yakan tafi kanti ya fasa naira dubu, domin ya sami ƙaramar takardar da zai jefa a baiko gobe. Ku tambayi dattawan ekklesiya masu ƙirga baiko. Za su gaya muku sau da yawa sukan tarar da yagaggun takardu waɗanda mai kanti ya ƙi karɓa. Da saurayin da ya haɗa ƙanana su zama babba, da magidancin da ya fasa babba ta zama ƙanana, zuciyarsu ɗaya ce. Kowannensu yana tsare wa kansa mai kyaun.

Ba mu ce tanadi zunubi ne ba, gama Littafin Karin Magana 6:6-8 ya aike mu wurin tururuwa mu koyi tanadi. Ba mu kuma ce ƙaramin baiko abin kunya ne ba. A cikin karatunmu na yau Ubangiji Yesu ya zauna yana duban masu zuba kuɗi a Haikali. Mawadata suka zuba da yawa, wata gwauruwa matalauciya kuwa ta zuba anini biyu. Ita ce ya yaba, domin ba ta rage wa kanta kome ba. Ashe Ubangiji yana duban abin da ya rage cikin aljihu kamar yadda yake duban abin da ya shiga kwano.

Ku tuna kuma da abin da ya same mu a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake launin naira 200, da 500, da 1,000. Aka ƙi karɓar tsofaffin a kasuwanni, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris. Manyan takardun da mutane suka ɓoye su ne suka kasa sayen gishiri, hamsin da ɗari kuwa suna nan suna ciniki. Takarda ba ta da daraja sai wadda mai mulki ya ba ta, yana kuwa iya janye ta. Saboda haka ne Matiyu 6:19-21 ya gargaɗe mu game da inda muke ajiyar dukiyarmu.

Sai mu yi abu biyu. Na fari, mu ware rabon Ubangiji tun ranar da kuɗi suka shigo hannunmu, gwargwadon samunmu, yadda Bulus ya koya wa Korintiyawa. Na biyu, mu koya wa 'ya'yanmu tanadi, amma mu koya musu su bar canji a hannu domin iyaye da mabukata.

Yesu yana da wadata duka, ya zama matalauci sabili da mu. Bai hana mu kome ba. Allah shi gafarta mana rowarmu, shi buɗe hannuwanmu. Amin.