Marai da Ke Bishiyar Masallacinmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan'uwa, tun da damina ta kankama marai suka cika darbejiyar da ke harabar masallacinmu. Wasu sun kawo ƙorafin kashinsu yana ɓata tabarmi, har ana cewa a sare bishiyar. Yaranmu kuma sun tasa su gaba da danƙo, ranar Asabar mun tsinci 'ya'ya biyu a ƙasa. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan tunatarwa.

Ku tsaya ku kalli tsuntsun nan. Namijin, mai ruwan ɗorawa da baƙin kai, shi ke tsago ɗanyar ciyawa ya saƙa sheƙa da bakinsa a ƙarshen reshe, ƙofar tana kallon ƙasa don maciji ya sha wahalar shiga. Macen ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba, sai ya wargaza ya sake wata. Ƙwai biyu ko uku take yi, kuma da ƙwari ake ciyar da 'ya'yan. Wa ya koya masa wannan saƙa in ba Allah ba? Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa tsuntsaye ma al'ummomi ne kamarmu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke.

Mu kanmu baƙi ne. Daga Kano, Katsina da Maraɗi muka zo Gombe neman halal, aka ba mu wurin zama da rumfa a kasuwa. Ashe bai kamata mu kori wanda ya zo ya raɓe da mu ba. Ga kuma zaizayar ƙasa da ke cin unguwannin garin nan, abin da ake buƙata shi ne dasa itace, ba sarewa ba.

Don haka kwamiti ya yanke shawara: bishiya tana nan, za a matsar da tabarmi ƙarƙashin rumfa, masu shara kuma su riƙa zuwa kafin azahar. Iyaye, don Allah a karɓe danƙo a hannun yara, a yi musu bayani da lalama.

Allah ya ji ƙanmu, ya sa mu dace. Amin.

Sakataren Masallaci